Darasi na Tara: Maganaɗisu da Aikinsa

Kayan da za a zo da su aji: maganaɗisu guda biyu, allura, ƙusa, gwangwanin tumatir, gwangwanin lemo, guntuwar wayar lantarki, ganye ɗaya da kwanon ruwa na roba. Ba sai an saya ba. Duk mai gyaran rediyo yana da matattun sifiku, kuma baƙin zoben nan mai nauyi da ke bayan sifika shi ne maganaɗisu, wanda aka fi sani da mayen ƙarfe.

Me yake kamawa?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka duk abin da ake kira ƙarfe yana kama shi. Ba haka ba ne, kuma gara ku gani da idonku. Ku kara shi a jikin ƙusa, za ta manne. Ku kara a gwangwanin tumatir, shi ma zai manne. To, ku gwada gwangwanin lemo. Ko motsi ba zai yi ba, domin na alminiyam ne. Jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki ma haka, zinari da azurfa ma haka. Itace, roba, takarda da gilashi kuwa ba ruwansu da shi. Abin da yake ja shi ne baƙin ƙarfe da mafi yawan abin da aka sarrafa da shi, sai wasu ƙarafa biyu da ake kira nikel da kobal.

Wannan ilimi abinci ne ga wasu. 'Yan jari-bola suna yawo da mayen ƙarfe don su ware baƙin ƙarfe daga alminiyam da jan ƙarfe, saboda kuɗin kilonsu ba ɗaya ba ne. Tela yana tsince allurai daga ƙasa da shi. Ke ma uwargida, idan aka kawo miki sarƙa aka ce zinari ce tsantsa, kika kara ta manne, to akwai gauraye. Amma a kula sosai: rashin mannewa ba ya tabbatar da cewa zinari ce, domin tagulla ma ba ta mannewa. Sai a kai wa masana zinari su duba.

Kai biyu

Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, kan arewa da kan kudu, kuma a nan ƙarfinsa ya fi taruwa. A dogon maganaɗisu, ƙarshensa biyu ne. A zoben sifika, fuskokinsa biyu ne masu faɗi.

Ku riƙe biyu, ɗaya a kowane hannu, ku matso da su. Idan suka fizgi juna suka haɗe, arewa ce ta gamu da kudu. Ku juya ɗaya, ku sake matsowa. Yanzu za ku ji suna ture juna, suna zamewa gefe, ko da kun danna da ƙarfi, alhali babu komai a tsakaninsu da ido ke gani. Iri ɗaya suna korar juna, mabambanta suna jan juna. Kada a wuce wannan gwaji sai kowa a aji ya ji shi a tafin hannunsa. Ƙarfin yana ratsa takarda da kwali: ku ɗora allura a kan kwali, ku ja maganaɗisu ta ƙarƙashi, za ta bi shi. In kuma maganaɗisu ya karye, kowane ɓari zai zama cikakke da nasa kai biyu.

Allura mai nuna arewa

Duniyar nan da muke takawa ita kanta babban maganaɗisu ce. Wani likita a Ingila, William Gilbert, ya bayyana haka a shekarar 1600, amma tun kafin nan da ɗaruruwan shekaru mutanen Sin suna amfani da allurar maganaɗisu wajen gane hanya.

Ku goga allura a fuska ɗaya ta maganaɗisu, daga kunne zuwa tsini, ku ɗaga, ku sake farawa daga kunne, kamar sau 30. Kada a yi gaba da baya. Ku ɗora ta a kan ganye, ku ajiye a hankali bisa ruwa. Za ta juya sannu sannu ta tsaya, gefe ɗaya arewa, ɗaya kudu. Ku karkatar da ita, za ta koma. Haka kamfas yake aiki, har wanda ake neman alƙibla da shi. Shi ya sa in za ku duba alƙibla, ku nisanci mota, ƙofar ƙarfe da sifika, in ba haka ba allurar za ta bi su ta ɓatar da ku.

A shekarar 1820 wani masani a Denmak, Hans Oersted, ya lura cewa wutar lantarki da ke gudu a waya tana karkatar da allurar kamfas. A 1831 wani masani a Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki. A kan wannan aka gina janareta da muke tayarwa kullum.

Hattara

Zafin wuta da yawan duka suna rage wa maganaɗisu ƙarfi. A nisanta shi da katin cirar kuɗi, da ƙirjin wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Mafi haɗari su ne ƙanana masu ƙarfi da ake samu a kayan wasa. Idan yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Kada a jira ya fito da kansa, kada a ba shi maganin gida. A kai shi asibiti nan take.

Aikin gida

Ku gwada abubuwa goma a gidanku. Ku raba shafi biyu, ku rubuta waɗanda suka manne a dama, waɗanda ba su manne ba a hagu, ku zo da littafin mako mai zuwa.