Yadda zaka gano inda 'yan tsohuwar ƙungiyar kiɗa sunka ƙare

Wanga abu ya faro ne daga akwatin kawuna da munka buɗe bayan rasuwar shi, cikin tsohin takardu sai ga faifan garmaho na wasu 'yan kiɗan funk da ake kira The Funkees, ni kam ban taɓa jin su ba. Wata biyu ina bin sawun mutanen, to ga yadda ake yi in kai ma ka tsinci irin nawa.

Farko dai fidda faifan daga ɗakin kwano. Zafin Sakkwato lanƙwasa shi yake kamar gurasa, ni na yi asarar guda biyu haka nan. Ka tsayar da shi tsaye cikin inuwa, sannan ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya.

Bayan kwalin nan shi ne komai. Nan anka rubuta wa ke jita, wa ke ganga, wane kamfani ya buga, da wata lamba ƙarama a gefe. Sa lambar ko sunan ƙungiyar a Discogs, wani shafin intanet mai tattara bayanan fayafayen kiɗa, zai baka shekara da sauran fayafayen su.

Amma kuskuren da na yi sati guda ina yi shi ne neman sunan ƙungiya kawai, alhali ƙungiya watsewa take, mutum ɗai-ɗai zaka bi. Funkees yaran gabas ne da sunka taso bayan yaƙin basasa wanda ya ƙare 1970, sunka tahi Landan, can sunka rabu kowa ya kama gaban shi. Da na bi Jake Sollo shi kaɗai sai na ga ya taɓa kiɗa da wata ƙungiya mai suna Osibisa, ya dawo Najeriya ya zama furodusa babba, ya rasu a haɗarin mota 1985. Harry Mosco kuwa ya ci gaba da waƙa shi ɗai har ya yi suna, ya rasu 2012. Kuma lura da wani abu, da yawansu sunan dandali ne garesu, Mosco ɗin nan Agada ne sunan gidan su, in baka haɗa biyun ba sai ka ɗauka mutum biyu ne.

Haka in faifan ƙungiyar BLO ne ya faɗo maka, bi Laolu Akins mai ganga, zaka iske shi a bayan faifan mawaƙi Shina Peters na 1989 a matsayin furodusa.

Sai kamfanonin Turai masu sake buga tsohon kiɗa, irin Soundway da ta tattaro na Funkees a 2012, ɗan littafin da suke sawa ciki yana da tarihi sosai.

Intanet kuma ba ta san komai ba wallahi. Je wurin dattijan da sunka yi aiki Rima Radio, ko tsohin masu gyaran rediyo, ko Inyamuran da sunka daɗe suna saida kayan mota cikin gari. Ka gaishe su da kyau, ka ce baba ko ka san waɗanga, ka miƙa hoton ka yi shiru, kar ka katse shi ko ya kauce zuwa labarin farashin shinkafa na zamanin Gowon. In wani ya ce maka wane ya mutu, kar ka rubuta sai ka ji daga baki na biyu.