Rawani ba ya mayar da Batman ɗan garinku: kurakuran masu fara ƙirƙirar jarumai

Duk matashin da ya turo mini komik ɗinsa in duba, da wuya in kai shafi na uku ban gane inda aka dosa ba. Ko dai Superman ne aka shafa wa baƙi aka ɗora masa hula, ko kuma sabon jarumi ne da ba shi da komai sai launin fatarsa. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da kuskuren da ya cinye mini babur. Shekara ɗaya da rabi na yi ina zana wani jarumi: ɗan attajiri, an kashe iyayensa a gabansa yana ƙarami, ya girma yana fita da dare cikin baƙar alkyabba yana farautar ɓarayi, a gida kuma daga shi sai wani dattijo mai yi masa hidima. Na naɗa masa rawani, amawali ya rufe masa fuska, na ce na kawo abin da ba a taɓa yi ba. Na sayar da babur ɗina na buga kwafi 500. Ranar da na ɗauko su daga maɗaba'a, ɗan yayata mai shekara tara ya zari ɗaya, ya juya shafi biyu, ya ɗago yana washe baki ya ce, "Kawu, ai Batman ne!" Ba raini ya yi mini ba, murna yake ya gane. Har yau sauran kwalayen na ƙarƙashin gado, gara ta yi rabonta.

Sai daga baya na ga abin da na tsallake. Maraicin Batman na birninsu Gotham ne, inda yaro zai rasa iyaye ya zauna shi kaɗai a ƙaton gida. A garinmu wane marayan attajiri ne za a bari haka? Kafin sadakar bakwai baffanni sun cika zaure, gwaggo ta ce ita za ta riƙe shi, an fara ƙus-ƙus kan rabon gado. Ta ina ma zai sulale da dare ba a tambaye shi ba? Labarin da ya kamata in rubuta ke nan, ga shi a gabana, na bar shi na tafi kwaikwayo.

Masu kare irin wannan aiki sukan ce ai Marvel, kamfanin komik na Amurka, ma ta yi da Spider-Man. Ba ta yi ba. A 2011 Brian Michael Bendis da Sara Pichelli ba su rina Peter Parker, Spider-Man na asali, ba. Peter na jerin labaran da ake kira Ultimate mutuwa ya yi, aka kawo Miles Morales, yaron Brooklyn, ubansa baƙar fata, uwarsa 'yar asalin Puerto Rico, dukansu da rai, ga baffansa Aaron ɓarawo da yaron ke ƙauna, ga makarantar da ya samu shiga ta hanyar ƙuri'a. Riga kawai ya gada. Fim ɗinsa na zane na 2018 har Oscar ya ci. Haka Kamala Khan, 'yar asalin Pakistan musulma daga Jersey City, da ta karɓi sunan Ms. Marvel a 2014. Daren da ta samu ƙarfinta, jikinta rikiɗewa ya yi ta koma Baturiyar da take sha'awar zama, ta kuma ji ba daɗi. Wannan fitowar ba za ta yiwu da wata yarinya ba sai irinta.

Ku kwatanta da abin da DC, kamfanin Batman da Superman, ta yi wa jaruminta Wally West a 2014, da ta dawo da shi baƙar fata da suna ɗaya. Shekara biyu kacal, a 2016, aka maido tsohon Wally mai jan gashi, aka ce wancan ɗan uwansa ne da suka yi takwara. Tsofaffin masu karatu sun yi fushi, sababbin kuma an nuna musu cewa nasu ɗan aro ne.

Maganin da nake yi yanzu, nawa ne, ban ce malaman zane sun yarda da shi ba. Kafin in ɗauki fensir, nakan ba wa yaro labarin da baki, ba suna ba kaya. In ya ambaci sunan wani jarumi kafin in gama, na yaga takardar. Sannan nakan tambayi kaina: da na canza masa launi, wace fitowa ce a labarin dole ta canza? In babu ko ɗaya, fenti na yi.

Kuskure na biyu na masu ihu ne, waɗanda da an canza launin wani jarumi sai su ce, "Ku ƙirƙiro naku mana!" kamar abin shan ruwa ne. Na yarda da su rabi, amma su san tarihin abin da suke faɗa. A 1993 Dwayne McDuffie da Denys Cowan da Michael Davis da Derek Dingle suka kafa kamfanin komik na Milestone, suka fito da Static da Icon da Hardware, duk sababbi fil, rubutu mai kyau. Zuwa 1997 an daina buga su. Katun ɗin talabijin da aka fara a 2000 ne ya ceci sunan Static. Black Panther ya fara fitowa a 1966, bai samu fim nasa ba sai 2018, shekara 52. Kamfanoni na maƙale wa tsohon suna ne saboda shi ke da kasuwa a shirye. To kai mai ihun, sabon jarumi nawa ka taɓa sa kuɗinka ka saya? Wallahi yawancinku ko ɗaya. Ku nemi a ba ku kyauta ta WhatsApp, ku tura wa mutum ashirin, sannan ku dawo kuna tambayar me ya sa ba mu da namu.

Su ma masu zanen da suka amsa kiran, nan suke faɗawa wani ramin. Don tsoron kada a ce sun ɓata al'ada, sai su ƙera waliyyi: ba ya fushi, ba ya kuskure, ba ya bin kowa bashi ba a binsa, kowane shafi wa'azi. Na taɓa karanta shafi arba'in na wata jaruma da ba ta taɓa jin tsoro ba, ni ma ban ji komai ba. Peter Parker ya riƙe mutane tun 1962 ne saboda sakacinsa ya jawo mutuwar mutumin da ya rene shi, kuma kullum aljihunsa a bushe yake. Ni ba na ba wa jarumi ƙarfi sai na fara rubuta abin kunyar da yake ɓoyewa.

Sauran ƙanana ne. Kada ku ɗauka duk canji ɗaya ne: Nick Fury na Marvel ya koma siffar baƙin ɗan fim Samuel L. Jackson ba abin da ya ɓaci, don launinsa ba ya ɗauke da labarin, amma Magneto na X-Men Bayahude ne da ya tsira daga sansanin 'yan Nazi, in ka cire wannan ka cire mutumin. Steve Rogers, wato Captain America, sojan 1941 ne, lokacin da rundunar Amurka ke ware baƙaƙe, shi ya sa a 2003 Marvel ta ƙirƙiro baƙin soja Isaiah Bradley don ta faɗi wancan ɓangaren. Ku daina ba wa kowane baƙin jarumi wutar lantarki, Black Lightning da Static sun wadatar. Ku daina haɗa dutsen wuyan Masai da filar Yarabawa da takobin Buzaye a jikin mutum ɗaya ku ce ɗan Afirka ne, wane gari? Sarauniya Amina kuma, kowa ita yake ruga wa, alhali Roye Okupe ya riga ya gina jarumar komik ɗinsa Malika a kan tarihinta. In za ku taɓa ta, ku zo da abin da bai faɗa ba. Jarumin DC ko Marvel da kuka rina kuwa, ko ya yi kyau ba ku da ikon sayar da shi, haƙƙin mallaka na masu shi ne.

Daga yau wanda zai turo mini aiki, kada ya turo hoton jarumi tsaye a kan soro alkyabba na kaɗawa, na ga ɗari. Ya turo shafi huɗu na jarumin cikin kayan gida, yana cin tuwo, mahaifiyarsa na tambayarsa inda ya kwana jiya.