Yadda Ake Gina Waƙar Marsiyya a Kan Juyawar Damina da Rani

Yawancin marsiyyoyin da ake rubutawa yau suna tsayawa wuri ɗaya: a jero kyawawan halayen mamaci, a roƙa masa gafara, a rufe. Hakan daidai ne, amma an bar wanda aka mutu aka bari a baya. Shi kuwa baƙin cikinsa tafiya yake yi, yau ya yi nauyi, gobe ya lafa, jibi ya dawo sabo. Lokutan shekara su ne hanya mafi sauƙi da mawaƙi zai nuna wannan tafiya, tun daga ranar rashi har zuwa dangana.

Mataki na 1: Fara da lokacin da aka yi rasuwar

Kada ka zaɓi lokacin da ya fi daɗin rerawa, ka ɗauki na gaskiya. In cikin hunturu ne, akwai hazo, da ƙurar maƙabarta, da masu zaman makoki ƙudundune cikin mayafi. In cikin marka ne, wato ruwan Agusta mai wuni yana zuba, akwai laka a ƙafafun masu ɗaukar makara. Ka bar dusar ƙanƙara da sauran kayan waƙoƙin Turai, ba a nan aka yi su ba. Namu su ne bazara, damina, kaka da rani, hunturu kuma a cikin ranin.

Mataki na 2: Nemo abu ɗaya na mamacin

Fartanya, buta, buzun salla, tukunyar da take dafa dambu, ko gurbinsa a inuwar darbejiya. Ɗaya tak. Shi zai zauna daram, lokaci yana wucewa ta kansa.

Mataki na 3: Bari lokaci ya saɓa wa zuciya

A nan waƙar take rayuwa ko ta mutu. Sabon mawaƙi yakan ce rani baƙin ciki ne, damina farin ciki, da an yi ruwan farko sai ya share hawaye ya rufe waƙa. Wanda ya taɓa binne nasa ya san ba haka abin yake ba. Ruwan farko ya fi rani ciwo, domin shi ke kiran kowa gona, a nan ake ganin gurbin wanda babu. Haka kaka: an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, mai shukar bai ci ko tsaba ba.

Dubi gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi shar, shi zubar da ganyensa yake yi, sai rani ya kama sannan ya yi kore. Mai makoki haka yake, gari na murna shi yana kaɗe ganye. Ga misalin baitin bazara da na tsara:

Shamuwa ta sauka, hadari na haɗuwa,
Fartanyarka na zaure, ba mai taɓawa.

Ba a ambaci kuka ba, ba a ce zuciya ta karaya ba. Shamuwa mai busharar ruwa da fartanyar da ba a taɓa ba sun isa.

Mataki na 4: Auna tsawon tafiyar

Al'adarmu ta riga ta kafa maka zanguna: kwana uku, kwana bakwai, kwana 40. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kimanin kwana 130, kusan tsawon damina guda a ƙasar Kano ko Katsina. Matar da ta shiga takaba ana shuka gero a watan Yuni, za ta fito an riga an girbe shi. Wannan kaɗai ya isa ginshiƙin waƙa.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake lura da shi ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Don haka wanda ya rasu cikin azumin da ya faɗo a bazara, bayan 'yan shekaru azumi zai koma hunturu, zafin bazara kuma ya zo shi kaɗai. Ka ga an sami lokacin tunawa biyu, na wata da na yanayi, kowanne da baitinsa.

Mataki na 5: Nuna dangana da aiki

Dangana ba mantuwa ba ce, kuma ba ta hana hawaye. Da ɗansa Ibrahim ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye, ya bayyana cewa ido na zubarwa, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Wannan ita ce iyakar marsiyya: ka yi jimami iya jimami, ban da jayayya da hukuncin Allah.

Kalmar haƙuri kuwa, kada ka yi ta nanata ta. Koma kan abin nan na mataki na biyu, ka sa hannu ya motsa shi bayan shekara ta zagayo:

Yau na ɗau fartanyarka, gari na wayewa,
Ƙotar ta fi hannuna, amma ina sabawa.

Daga nan addu'a za ta zo da nauyinta, domin mai sauraro ya ga inda aka faro.

Mataki na 6: Daidaita tsari, ka rera

Ƙwar biyu ta fi dacewa da mai farawa, ɗango biyu a kowane baiti. In hannunka ya faɗa, gwada ƙwar biyar. Riƙe amsa-amo ɗaya, wato sautin da baitoci ke ƙarewa da shi, daga farko har ƙarshe, kuma kada ka raba baitoci daidai wa daida tsakanin lokutan. Lokacin da ya fi yi maka ciwo ya ɗauki rabin waƙar, wani lokacin kuma baiti ɗaya ya ishe shi.

Sai ka rera da murya, duk inda harshe ya yi tuntuɓe kari ya karye, ka gyara. Kafin ka fitar da ita, karanta wa wani dattijo a dangin mamacin. In akwai sirrin gida ko maganar jinya da ba sa so a ji, ka cire ta komai kyan baitin.