Darasi na Bakwai: Yadda Sankarar Ɓargo ke Cinye Ƙashi

Ƙashi abu ne mai rai. Jini na ratsa shi, kuma kullum cikin gyara yake. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma a kowace shekara jiki yakan sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashin da ke cikinsa.

Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke wannan aiki, kamar masu gyaran tsohuwar katanga: wasu su kankare inda ya lalace, wasu su biyo baya su yaɓa sabo. Masu kankarewar likitoci na kiransu ostiyokilas, mu a nan za mu ce musu masu rusau. Masu yaɓen su ne ostiyobilas, wato magina.

Yadda mai rusau ke aiki

Mai rusau babbar ƙwaya ce. Takan manne a jikin ƙashi, ta like gefunanta ruf yadda komai ba zai tsiyaye ba, sannan ta zuba asid a ƙarƙashinta. Asid ɗin ya narkar da kalsiyam, ma'adinin da ke ƙarfafa ƙashi, wani sinadarin kuma ya narkar da zaren furotin da ke riƙe da ƙashin. Cikin mako biyu zuwa huɗu ta haƙa ɗan rami. Magina kuwa sai sun kwashe wata uku zuwa huɗu kafin su cike shi. Ku riƙe wannan da kyau: rusau na da sauri, gini na da nawa. Saboda haka da zarar masu rusau sun yi yawa, magina ba sa iya kamo su.

Masu rusau ba sa tashi sai an ba su umarni. Umarnin wani sinadari ne mai suna RANKL. Akwai kuma wani mai suna OPG, wanda ke cafke RANKL tun kafin ya isar da saƙon. Muddin waɗannan biyun suna daidai, ƙashi na nan da ƙarfinsa.

Inda sankara ke shigowa

A cikin ɓargo ake yin jini. Daga cikin ƙwayoyin da ke zaune a can akwai ƙwayoyin filasma, masu haɗa garkuwar jiki. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace ta dinga hayayyafa ba tsayawa, an sami sankarar ɓargo da ake kira miyeloma. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, ko da yake tana kama waɗanda ba su kai ba.

Ƙwayar miyeloma ba ta cin ƙashi da kanta. Ingiza wasu take yi su ci. Tana sa RANKL ya yi yawa, OPG ya ragu, sai masu rusau su taru su haƙa ba ji ba gani. A lokaci guda tana fitar da wani sinadari, DKK1, wanda ke hana magina balaga. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ƙashin da ake narkarwa yana sakin sinadaran da ke ciyar da sankarar, ita kuma ta ƙara ingiza masu rusau. Haka abin ke ta zagayawa.

Kusan mutum takwas cikin goma masu miyeloma sun riga sun sami ɓarnar ƙashi a lokacin da aka gano cutar. Wuraren da ta fi ci su ne masu ɓargo mai aiki: ƙashin baya, haƙarƙari, ƙugu, ƙoƙon kai, da saman ƙashin cinya da na dantse. Kuma ramukan ba safai suke cikewa ba, ko bayan magani ya kwantar da cutar, domin magina ba sa farfaɗowa sosai.

Ba miyeloma kaɗai ke wannan ba. Wata sankarar jini da ƙwayar cuta mai suna HTLV-1 ke haddasawa ita ma tana zuga masu rusau, har kalsiyam ya cika jini. Amma miyeloma ce kan gaba.

Abin da majinyaci ke ji

Ciwon baya ko na haƙarƙari ne yawanci ke fara zuwa, mai tsananta idan an motsa, ya yi makonni bai tafi ba. Wani ya karye don kawai ya ɗaga wani abu marar nauyi ko ya yi tari mai ƙarfi. Gaɓoɓin ƙashin baya kan lotsa, tsawon mutum ya ragu, bayansa ya ranƙwafa.

Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake. Idan ƙashi na narkewa, cikin jini yake malalowa. Alamominsa ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, taurin bayan gida, tashin zuciya, barci da ruɗewa. 'Yan uwa kan ce tsufa ne. Tsohon da jiya yake magana tiryan-tiryan, yau ya kasa gane 'ya'yansa, yana ta neman ruwa, asibiti za a kai shi a ranar.

Karanta takardar gwaji

Lambobi huɗu za ku nema. Kalsiyam na mai lafiya yana tsakanin 2.2 da 2.6 a ma'aunin mmol/L, idan ya haura 2.75 ya yi yawa. Wasu ɗakunan gwaji da wani ma'auni, mg/dL, suke aiki, a nasu iyakar 11 ce, don haka a duba ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar. Ƙarfin jini, wanda ake rubutawa Hb, idan ya gaza 10 a ma'aunin g/dL akwai ƙarancin jini. Kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, idan ya wuce 177 a ma'aunin µmol/L, ko 2 a ma'aunin mg/dL, ƙoda ta taɓu. Sai gwajin ɓargo: ƙwayoyin filasma marasa lafiya kashi 10 cikin 100 ko fiye.

Hoton ƙashi na yau da kullum yana da rauni guda. Ba ya nuna rami sai ƙashin wurin ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ma'adininsa. Ke nan hoto mai kyau bai wanke mai ciwon baya ba. Na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira CT da MRI sun fi gani da wuri.

Magungunan da ke taka wa masu rusau birki

Maganin sankarar kanta shi ne na farko, domin idan ta ragu zugar ta ragu. Bayansa akwai masu kare ƙashi. Zoledironet, miligiram 4, ana ba da shi ta ƙarin ruwa cikin aƙalla minti 15, kowane mako uku zuwa huɗu. Pamidironet miligiram 90 ne, shi kuma awa biyu zuwa huɗu yake ɗauka. Dukansu suna manne wa ƙashi, mai rusau ya haɗiye su yana cikin aiki, su kashe shi. Idan aka sake su da gudu sukan ji wa ƙoda, shi ya sa ake gwada ƙodar kafin kowane zagaye, kuma bai kamata a roƙi ma'aikacin jinya ya ƙara saurin ruwan ba. Bayan zagayen farko zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya zuwa uku ba abin tsoro ba ne.

Denosumab allura ce a ƙarƙashin fata, miligiram 120 kowane mako huɗu. Aikin OPG take yi, tana cafke RANKL. Ta fi sauƙi ga mai ciwon ƙoda, amma tana iya sauke kalsiyam ƙasa sosai, a ji tsikari a leɓe da yatsu ko jijiyoyi su ɗaure. Ana haɗa ta da kalsiyam da bitamin D, sai fa idan na jinin ya riga ya hau. Ba a dainawa haka kwatsam ba da shawarar likita ba, domin masu rusau kan dawo da ƙarfi fiye da da.

Kafin a fara ko wanne, a ga likitan haƙori a gama duk wani cire-cire. Haƙorin da aka cire ana tsakiyar shan maganin yana iya barin ciwo a muƙamuƙi wanda ke ƙin warkewa, har ƙashin wurin ya mutu.

A gida a sha ruwa lita biyu zuwa uku a rana, in dai likita bai iyakance ba saboda zuciya ko ƙoda. A guji ibufurofen da diklofenak, duk da cewa su mai ciwon baya ke fara nema, domin ƙodar mai miyeloma ba ta jure su. A riƙa tafiya a ƙafa gwargwadon iko, tunda dogon kwanciya na ƙara narkar da ƙashi, amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi ko tausa mai ƙarfi a baya.

Idan gaɓar baya ta lotsa ta danne laka, ƙafafu kan mutu ko su yi nauyi, fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba a sani ba, tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi. A kwantar da mutum a miƙe a kai shi asibiti nan take, kada a jira wayewar gari. Ana son a yi MRI cikin awa 24, a ba da dekzametazon don rage kumburi, sannan a gasa wurin da hasken kashe sankara ko a yi tiyata. Wanda aka fara yi wa magani yana iya taka ƙafarsa, galibi yakan ci gaba da tafiya. Wanda aka kawo bayan ƙafafun sun yi kwanaki a mace, da wuya su dawo.