Yadda za ka haɗa kwanbata ƙarama mai ƙarfi ta keke napep mai batir

Toh jama'a, masu keke da babur na lantarki sai ƙaruwa suke, kuma abin da na lura yana yawan ƙonewa a jikinsu ba moto ba ne ba batir ba, wannan ɗan akwatin ne da ke sauke wutar babban batir daga 72V zuwa 12V don fitila da hon da cajin waya, wato kwanbata. Na taɓa buɗe wata da aka saya a kasuwa, an rubuta 20A a jiki, wallahi ciki koyil ɗin bai kai girman goro ba, kapasita biyu sun kumbura sun fashe, warin ƙuna har cikin maƙogwaro. In kana son haɗa taka, abu ɗaya za ka riƙe tun farko: zafi ne ke yanke girman na'urar, duk wutar da ta ɓata a ciki zafi take komawa.

Fara da lissafin kaya. A ce kana son 12V da 25A, 300W ke nan. In ingancin kwanbatarka kashi 90 ne, kusan 33W na zama zafi a cikin akwati, in ka kai shi 96 kuwa 12W da ɗoriya ne kawai. Ka ga bambancin ya kusa ninki uku, kuma shi ne bambancin wadda ke buƙatar fanka da ƙaton ƙarfen sanyaya da wadda za ta shige tafin hannunka.

Sai ka san cewa batirin da ake kira 72V ba a 72V yake tsayawa ba. In litiyam ne mai sel 20 a jere, cike yake kai 84V, in LiFePO4 ne mai sel 24 yana haura 87V, ga kuma wutar da moto ke turowa baya in an taka birki. Saboda haka MOSFET (ɗan makunnin lantarki da ke kunna wuta da kashe ta da sauri a cikin kwanbata) mai 100V yana bakin gaɓa, ni dai 120V ko 150V nake sawa hankalina ya kwanta. Wajen ƙwaƙwalwar da za ta riƙa kunna MOSFET da kashe su akwai LM5146 ko LM5116 na Texas Instruments, duka suna ɗaukar har 100V, amma ka sa musu dayod na kariya a ƙofar shiga.

Yanzu ga inda yawancin masu arha ke faɗuwa. Tunda daga 72 ake sauka 12, MOSFET na sama, wato wanda ke haɗa batir da koyil, kusan kashi 17 cikin ɗari na lokaci kawai yake a kunne, sauran kashi 83 wutar koyil ta hanyar ƙasa take bi, wato ɓangaren nagatif. In dayod ka sa a ƙasan, wato abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, yana cin kamar 0.6V, ka ninka da 25A da wannan kashi 83 ɗin, wajen 12W sun tafi a ɗan abu ɗaya. Cire shi ka sa MOSFET na biyu mai 5mΩ, asarar za ta dawo ƙasa da 3W. Wannan canjin kaɗai ya isa ya raba ka da fanka, kuma a ƙurar hunturu irin tamu fanka ba ta daɗewa, sai ta toshe ta tsaya ba ka sani ba. Ka tabbata dai akwai ɗan tazarar lokaci tsakanin kashe na sama da kunna na ƙasa, in suka haɗu a kunne ko na ƙiftawar ido ne batir ya yi shot ta cikinsu, shi ke nan.

Girman koyil kuma saurin kunnawa da kashewa ne ke yanke shi. Da 84V a shiga, in ka yarda wutar koyil ta riƙa hawa da sauka da 7.5A, a 100kHz kana buƙatar kusan 14µH, in ka ɗaga zuwa 300kHz bai kai 5µH ba, koyil ya tsuke, kapasita ma sun ragu. Sai dai duk kunnawa ɗaya akwai ɗan asara, ka ninka sauri ka ninka ta. Shi ya sa manyan kamfanoni suka koma SiC da GaN, kayan da ke maye gurbin silikon a makunni don asararsu kaɗan ce, Tesla ta sa SiC a inbatar motarta Model 3 tun 2017, Porsche Taycan kuma ta fito a 2019 da tsarin 800V. Irin waɗannan motocin dole kwanbatarsu ta zo da tiransifoma da ke raba babbar wuta da jikin mota, don 400V ko 800V kisa take. Namu na keke silikon na yau da kullum ya wadatar, ka tsaya tsakanin 150 zuwa 250kHz. Koyil ɗin ka zaɓi wanda zai jure 35A ko fiye kafin ya ƙoshi, wato ya kasa ɗaukar ƙarin maganaɗisu, in ya ƙoshi wayar wuta kawai ya zama.

Shimfiɗar allo, wato yadda ake jera kayan a kan allon da'ira, mutane na raina ta, alhali nan aikin yake. Kapasitan siramik na shiga su manne da MOSFET biyun, hanyar tagulla gajera mai faɗi, ko santimita biyu ka ƙara za ka ga wuta na tsalle a osiloskop, rediyon keke na ƙara. Kapasita masu ruwa ka sayi na 105°C ka nisanta su da koyil, don duk ƙarin zafi na 10°C rabin ransu yake ci, kuma ka tuna watan Afrilu a Kano ko Maiduguri inuwa ma tana wuce 40°C balle ƙarƙashin kujerar direba.

Akwati na alminiyam, MOSFET su jingina da shi ta farantin da ke wuce zafi amma ba ya wuce wuta, a toshe ko'ina saboda ruwan damina, fiyus a wayar shiga. Gwajin farko kar ka haɗa da batir kai tsaye, sa kwan fitila a jere ko injin ba da wuta mai iyaka, kuma ka kiyaye hannunka don 84V ba wasa ba ce. In 12V ta fito daidai sai ka ɗora kaya a hankali, 5A, 10A, har 25A, ka bar ta awa guda a rufe cikin rana, sannan ka auna zafin jikin akwatin. In ya haura 80°C ka rage saurin kunnawa da kashewa ko ka ƙara MOSFET ɗaya a ƙasa, ka sake gwadawa.