Yadda Za Ka Shiga Aikin Tafiyar da Kuɗin Sauyin Yanayi a Ƙasashe Masu Rauni

A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Kopenhagen a 2009, ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin tara dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, don taimaka wa ƙasashe masu tasowa su fuskanci sauyin yanayi. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan tattalin arziki wadda akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta ce sai a 2022 aka cika alƙawarin, inda aka kai dala biliyan 115.9. A taron Baku na 2024 kuma aka ɗaga adadin zuwa dala biliyan 300 a shekara nan da 2035. Sai dai kuɗin nan ba su da ƙafar zuwa inda ake bukatarsu. Tsakanin alƙawarin zauren taro da katangar da za ta tare ruwan teku a tsibiri, ko iri mai jure fari da zai shiga hannun manomi, akwai takardu da sharuɗɗa da binciken kuɗi masu cin shekaru. Abin takaicin shi ne ƙasashen da suka fi shan wahala su suka fi ƙarancin mutanen da suka iya wannan aiki, har ta kai ana ɗauko ƙwararru daga waje su rubuta takardun su kama hanya. Gurbin aiki ne na gaske, kuma ana iya shigarsa idan aka bi a hankali.

Mataki na farko: san asusun, san ƙofarsa

Kada ka fara da neman aiki. Fara da sanin ina kuɗin suke da yadda suke fita.

Mafi girma a cikin asusun da aka keɓe wa yanayi shi ne GCF (Green Climate Fund), wanda aka kafa a taron Kankun na 2010, hedikwatarsa kuma tana Songdo a Koriya ta Kudu. Yana ƙoƙarin raba kuɗinsa gida biyu: rabi ga rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, rabi ga taimaka wa mutane su jure abin da ya riga ya zo. Aƙalla rabin wannan kaso na biyu an ware shi ne ga ƙananan tsibirai da ƙasashe mafi talauci da ƙasashen Afirka. Akwai GEF, asusun muhalli na duniya, wanda ya girme shi, tun 1991, kuma shi ke riƙe da asusun LDCF na ƙasashe mafi talauci. Akwai Adaptation Fund, asusun jure wa sauyin yanayi, da aka kafa a 2001. Na baya-bayan nan shi ne asusun asara da ɓarna, wanda aka amince da shi a Sharm El-Sheikh a 2022, aka ƙaddamar da shi a Dubai a 2023. Ga kuma Bankin Duniya da bankunan raya yankuna, waɗanda kuɗin da ke bi ta hannunsu ya fi na waɗancan asusun yawa, amma akasarinsa rance ne.

Abin da sabon shiga ke yawan rasawa shi ne ba a aika wa GCF takarda kai tsaye. Kowace ƙasa tana da ofishin da ke wakiltarta, galibi a ma'aikatar muhalli ko ta kuɗi, ana kiransa NDA, kuma babu aikin da zai wuce sai da wasiƙarsa ta cewa ƙasa ba ta da ja. Sannan dole takardar ta bi ta hannun hukumar da asusun ya tantance ya yarda da tsarin kuɗinta. Wasu daga cikin waɗannan hukumomi na duniya ne, irin su hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na raya ƙasa (UNDP), na abinci da noma (FAO) da na tallafa wa noma (IFAD). Wasu na cikin gida ne, kuma su na fi so ka sa wa ido. Cibiyar CSE mai sa ido kan muhalli a Senegal ce hukumar ƙasa ta farko da Adaptation Fund ya tantance, a 2010. Aikin da ke ɗauke da lamba ta ɗaya a jerin GCF, wanda aka amince da shi a 2015, na wata hukumar cikin gida ce a Peru mai suna Profonanpe. Idan kuɗi ya bi ta hannun 'yan ƙasa, ƙwarewar tana zama a ƙasar bayan aiki ya ƙare, kuma a irin waɗannan hukumomi ne matashi ke samun damar taɓa kowane ɓangare na aikin.

Darasin farko kyauta ne. GCF yana wallafa cikakkun takardun ayyukan da ya amince da su a shafinsa na intanet. Zaɓi guda biyu ko uku, misali aikin kare gaɓar teku na Tuvalu wanda ya samu dala miliyan 36, ka karanta daga farko har ƙarshe, har da teburan kasafi da sharhin kwamitin ƙwararru masu zaman kansu da ke duba kowace takarda. Za ka gaji, amma za ka fito da fahimtar da kwas da yawa ba sa bayarwa.

Mataki na biyu: tsaya da ƙafa ɗaya mai ƙarfi

Babu digiri ɗaya da ake kira na wannan aiki. Akwai akanta, akwai injiniyan ruwa, akwai masanin noma, lauya, masanin tattalin arziki, mai nazarin zamantakewa. Ka ƙware sosai a abu ɗaya, sannan ka san sauran daidai yadda za ka iya magana da masu su. Digiri na biyu yana taimakawa, manyan hukumomi ma kan sa shi a sharaɗi, amma ba ya maye gurbin aikin hannu. Shaidar tafiyar da ayyuka irin su Project DPro ko PMP ko PRINCE2 tana ƙara nauyi. Dandalin UN CC:Learn na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da kwasa-kwasai kyauta. Ka iya Excel da gaske, ka taɓa manhajar taswira ta QGIS da ta tattara bayanai ta KoboToolbox. Turanci ne harshen aikin GCF, don haka rubutunka ya zama tsaf. Faransanci ko Fotugisanci kuma na buɗe maka ƙasashe da dama.

Mataki na uku: koyi kafa hujjar yanayi

A nan takardu da yawa ke tuntuɓe, kuma wanda ya iya wannan ba ya rasa mai nemansa.

Ɗauki wani yanki da mutane ba su da ruwan sha. Idan ka rubuta cewa suna bukatar rijiyoyin burtsatse, gaskiya ka faɗa, amma mai duba takarda zai ce wannan aikin raya ƙasa ne na yau da kullum, a nemi kuɗinsa a wani wuri. Abin da yake so ka nuna shi ne hannun sauyin yanayi a cikin matsalar. Ruwan sama nawa ake samu a da, nawa ake samu yanzu? Damina ta gajarta, ko dai ruwan yana zuwa ne a dunƙule ya wuce bai shiga ƙasa ba? Me hasashe ke cewa game da shekaru 20 ko 30 masu zuwa? Wane kaso na ƙarancin ruwan ya samo asali daga yanayi, wane ne daga ƙaruwar jama'a ko lalacewar famfuna? Sannan rijiyar da za ka haƙa, zurfinta da wurinta sun yi la'akari da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa zai koma nan gaba?

Masana yanayi kan auna da tsawon shekaru 30, kamar 1991 zuwa 2020. Matsalar ita ce ƙasashe masu rauni su ne suka fi ƙarancin tashoshin auna ruwan sama, wasu bayanan ma suna cikin tsofaffin littattafai da ba a shigar a kwamfuta ba. Rashin adalci ne a ce wanda ba shi da kayan awo shi za a tsananta wa wajen kawo alƙaluma, amma haka tsarin yake a yanzu, kuma aikinka ne ka cike giɓin. Ka koyi haɗa abin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ke da shi da bayanan tauraron ɗan'adam irin na CHIRPS, waɗanda suka faro daga 1981, da rahotannin IPCC, wato kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuma abin da manoma da makiyaya da masunta suka gani da idonsu. Shaidar mutanen wurin ba ado ba ce; sau da yawa ita ke nuna maka inda alƙaluma suka yi shiru.

Daga nan sai ka jingina aikin da tsare-tsaren ƙasar kanta, wato alƙawarin da ta gabatar ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 2015 da shirinta na jure wa sauyin yanayi. GCF yana auna kowace takarda da ma'auni shida, ciki har da girman tasirinta, da ko za ta kawo sauyin da zai ɗore bayan kuɗin sun ƙare, da ko ƙasar ce da kanta ke riƙe da ragamar aikin. Idan aikin rage hayaƙi ne, sai ka iya lissafin tan nawa za a rage. A harkar noma da daji, manhajar EX-ACT ta FAO ce ake yawan amfani da ita.

Mataki na huɗu: rungumi ɓangaren da kowa ke gudu

Amincewa da takarda ba ita ce ƙarshe ba. Bayanta akwai yarjejeniyar doka, akwai sharuɗɗan da za a cika kafin kashin farko na kuɗi ya fito, kuma kashi-kashi ake sakinsu. Duba yadda abu ƙarami ke rusa shekara guda: rahoton odita ya makara da wata biyu, kashi na gaba bai fito ba, ɗan kwangilar da zai kawo dashen itatuwa bai samu kuɗi ba, damina ta wuce. Ba wanda ya saci komai, amma an yi asarar shekara, mutanen da aka yi wa alƙawari kuma sun fara janye jiki. Manajan aiki na ƙwarai yana kallon kalandar kuɗi da ta damina a lokaci guda, ya ƙirga baya daga ranar shuka ya san ranar da tallar kwangila za ta fita.

Saboda haka ka koyi ƙa'idojin sayen kaya da ba da kwangila, da yadda ake ajiye kowace rasit, da yadda canjin kuɗi ke cin kasafin da aka tsara da dala. Ka koyi sa ido da auna sakamako: a ɗauki alƙaluman farko kafin a fara, a ƙirga maza da mata daban-daban, kada a lissafa mutum ɗaya sau biyu don ya halarci horo biyu. Ka koyi matakan kare mutane da muhalli. Ana kasa ayyuka zuwa rukunin A da B da C gwargwadon haɗarinsu, kuma aikin da zai tayar da mutane daga gonakinsu ko ya taɓa ƙasar 'yan asalin wuri yana da sharuɗɗa masu tsauri. Dole a samu tsarin jinsi, da hanyar da mai ƙorafi zai kai kukansa ba tare da tsoro ba. Kada ka ɗauki waɗannan a matsayin cike fom. Madatsar ruwa da aka gina ba a tambayi masu kiwo ba tana iya haifar da rikicin da ya fi farin da aka zo magancewa.

Mataki na biyar: shiga ta ƙofar da ke buɗe

Kusan ba wanda ke farawa da zama shugaban aiki. Kowane babban aiki yana da ofishin gudanarwa da ke ɗaukar jami'in kuɗi, jami'in sayen kaya, jami'in sa ido, jami'in jinsi da masu aikin fili. Nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ko da a ƙaramar ƙungiya ce mai aiwatar da wani yanki na aikin. Shekara biyu ko uku a nan sun fi takardar shaida biyar.

Sauran ƙofofin su ne ofishin NDA na ƙasarka, musamman idan yana da tallafin share fage daga GCF, wanda ake ɗaukar ma'aikata da shi; hukumomin cikin gida masu neman a tantance su; da kamfanonin ba da shawara masu rubuta takardun neman kuɗi. GCF yana ba da har dala miliyan 1.5 don shirya aiki guda, kuma da irin wannan kuɗi ake biyan masu binciken yiwuwar aiki. Akwai aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNV, akwai shirye-shiryen ɗaukar matasan ƙwararru na Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka, sai dai gasarsu tana da zafi. Wanda ya yi nisa kuma zai iya neman zama mai ba gwamnati shawara. Ƙungiyar ƙasashe renon Ingila tana da cibiya a Moriishas da ke tura irin waɗannan mashawarta su zauna a cikin ma'aikatun ƙasashe.

Mataki na shida: nuna abin da hannunka ya taɓa

A takardar neman aiki, bar maganar kishin muhalli, kowa ya rubuta ta. Faɗi girman kasafin da ka riƙe, wa ya ba da kuɗin, rahoto nawa ka miƙa a kan lokaci, me odita ya ce. Idan ba ka da ko ɗaya tukuna, zauna ka rubuta gajeriyar takardar gabatar da aiki a kan fom ɗin GCF, wanda ake saukewa kyauta, ka ba wanda ya san harkar ya yi mata gyara ba sani ba sabo.

Ka shiga da sanin cewa yawancin guraben na kwantiragi ne, suna ƙarewa da ƙarewar aiki, kuma takarda na iya shekara biyu ko fiye tana yawo kafin a amince da ita. Za ka kuma tarar da tambayar da ba a koyarwa a aji: tallafi ne ko rance? Ƙasar da ambaliya ta shafi mutanenta miliyan 33, kamar Pakistan a 2022, ko wadda guguwar Idai ta ɗaiɗaita, kamar Mozambik a 2019, bai kamata a ƙara mata bashi don gyara ɓarnar da ba ita ta jawo ba. Aikin da zai kawo kuɗin shiga, kamar tashar wutar sola, yana iya ɗaukar rance mai sauƙi. Katangar teku da na'urar gargaɗin ambaliya kuwa ba sa kawo riba da za a biya bashi da ita. Don haka duk lokacin da aka ajiye maka tayin kuɗi, ka fara duba kason tallafi da na rance, da kuɗin ruwa, da wa'adin biya, da kuma da kuɗin wace ƙasa za a biya, kafin ka ba ministan da kake wa aiki shawarar sa hannu.