Yadda Na Gyara Gam ɗin Katako da Ya Ƙi Kamawa

Siraran falle-fallen katako da muke mannewa su zama filawud da gam na yuriya-fomaldihaid (gam ɗin da ake yi da sinadaran yuriya da fomaldihaid) sun riƙa ɓallewa bayan an fitar da su daga injin matsewa, ko da yake zafin injin yana kan digiri 110 a ma'aunin Salshiyas kamar kullum. Wannan gam ba ya daskarewa sai ya sami asid, shi ya sa ake zuba masa wani sinadari mai suna amoniyam kulorayid, wanda yake haɗuwa da ragowar fomaldihaid ɗin da ke cikinsa ya saki asid. Da na binciki sabon garin da ake ƙarawa don gam ya yi kauri, sai na tarar akwai alli a ciki, shi kuwa alli yana kashe asid tun kafin ya yi aiki.

Na maye gurbin wannan garin da zallar garin alkama, na auna amoniyam kulorayid kashi 1 cikin 100 na nauyin gam. Ban wuce haka ba, domin asid mai yawa yana daskarar da gam tun a bokiti, yana kuma raunana katako. Falle-fallen suka kama sosai.